Ƙofa Ɗaya, Gida Biyu

Darasi domin ƙungiyoyin nazarin Littafi Mai Tsarki, zumuntar mata da dattawan ikkilisiya

Nassin karatu: Littafin Ƙidaya 20:14-21. A haɗa da Maimaitawar Shari'a 2:1-8 da Obadiya 10-14. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, a hankali, domin waɗanda ba su yi karatu ba su ji da kyau.

Yadda abin yakan fara

A ƙauyukanmu na ƙasar Karaye da Rogo, gida yakan fara da mutum ɗaya da zaure ɗaya. Maigida ya yi wa 'ya'yansa maza aure, kowa ya sami sashensa, amma duka ta ƙofa ɗaya ake shiga, gandu ɗaya ake nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba. Muddin tsohon yana da rai, ba mai tambaya ƙofar ta wane ne. Ranar da ya rasu aka zauna rabon gado, za a taka gonaki, a ƙirga awaki da dammunan dawa, a raba ɗakuna. Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne hanya. Sashen babban wa yana bakin zaure, na ƙanensa yana can ciki. Ko kuwa gonar wani tana bakin hanya, ta ɗan'uwansa tana bayanta, ba ta yadda za a kai mata taki sai an ratsa ta gaba.

Shekara biyar, shekara goma, lafiya lau. Sa'an nan wani abu ya canja. Na bakin ƙofa ya sayar da waken soya ko rake, ya rushe dangar kara, ya ja katangar bulo, mai walda ya haɗa masa ƙyauren ƙarfe, ya maƙala kwaɗo. Ko na ciki ya sayi shanun noma da amalanke, ƙofar da ta ishi jaki kuwa ba ta isar amalanke. Ko ɗaya ya sayar da rabonsa ga baƙo wanda bai san tsohon ba, bai kuma ji an yi wani alkawari ba. Ko ɗaya daga cikin 'yan'uwan ya musulunta, yana so iyalinsa su zauna cikin sutura, ba ya son samari su riƙa ratsa tsakar gidansa. Ga kuma maganar tsaro. Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, kuma tun da satar shanu da garkuwa da mutane suka yi yawa a waɗannan jihohi, mutane da dama sun koyi kulle ƙofa da wuri. A bakin madatsar ruwan Challawa, wadda aka gama ginawa a 1992, noman rani ya sa 'yar siririyar hanyar da ke gangarawa ruwa ta zama dukiya, har wurin shimfiɗa tiyo ma akan yi cacar baki a kansa.

Duk waɗannan dalilai ne na gaskiya, ba lalle sai wani mugu ne ba. Amma ƙarshensu ɗaya ne: wata safiya wani ya tarar da ƙaya ko kwaɗo a inda ya saba bi tun yana yaro.

Roƙon da Musa ya aika

Bari mu duba inda jama'ar Isra'ila suke sa'ad da wannan abu ya faru. Suna Kadesh, a bakin iyakar ƙasar Edom. Shekarun jeji sun kusa cika. A farkon wannan sura Maryamu 'yar'uwar Musa ta rasu, ruwa ya yanke, jama'a suka tasar wa Musa, shi kuma ya bugi dutse cikin fushi har Ubangiji ya ce ba zai shiga ƙasar alkawari ba. Wato mutum ne mai makoki, mai ɓacin rai, da gajiyayyun mutane a bayansa. A gabansu kuwa akwai babbar hanya da ake kira hanyar sarki, wadda ta taso daga bakin teku a kudu ta miƙe arewa har Dimashƙu. Fatake sun daɗe suna binta, har yau ma akwai titin mota a ƙasar Jodan da ya bi sawunta. Sai dai hanyar ta ratsa ƙasar Edom. Edomawa kuma zuriyar Isuwa ne, wan Yakubu. Maganar wa da ƙane ce.

Ku lura da yadda Musa ya yi. Bai tasa jama'a gaba ya nufi iyaka ba, manzanni ya aika wurin sarkin Edom. Ya fara da tuna masa zumunta, ya gabatar da Isra'ila a matsayin ɗan'uwa. Ya ba da labarin wahalar da suka sha a Masar da yadda Allah ya fisshe su. Sa'an nan ya roƙi izini. Roƙo ya yi, ko da yake ya san Allah ne ya kira su zuwa Kan'ana. Bai ce tun da Allah ne ya aiko mu dole ka buɗe ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Musa da kansa ya yanka wa kansa sharuɗa tun ba a tambaye shi ba. Ba za su taka gona ba, ba za su shiga gonar inabi ba, ba za su ɗebi ruwan rijiya ba, ba za su kauce wa hanya ta kowane gefe ba har su fita daga ƙasar. Da sarkin ya ƙi, har ya yi barazanar yaƙi, suka sake aikawa da ƙarin tayi: idan mutum ko dabba ya sha ruwa, za su biya. Da ƙafa kawai za su wuce.

Mutumin da ya yi magana haka ya gane abu biyu, kuma su ne zuciyar darasinmu. Mallakar wuri daban, haƙƙin wucewa ta wurin daban. Musa bai taɓa musun cewa ƙasar ta Edom ce ba. Amma bai kuma yarda cewa mallaka ta ba mutum ikon tsare ɗan'uwansa cikin jeji ba. Yawancin rigimar ƙofa a wurinmu takan taso ne domin kowanne ya riƙe ɗaya ya watsar da ɗaya. Na waje yana cewa filina ne, yana da gaskiya. Na ciki yana cewa nan ubanmu ya bi, shi ma yana da gaskiya. Sai su yi shekara suna maimaita wa juna gaskiya biyu da ba su saɓa wa juna ba.

A tsaya nan a tattauna: idan kai ne na ciki, waɗanne sharuɗa za ka iya yanka wa kanka kafin ka je wurin yayanka? Ka tuna da awakinka da suke cin shanyar matarsa, da babur ɗin ɗanka da yake shigowa tsakar dare, da baƙinka da suke shiga ba sallama.

Me ya sa Edom ya ƙi?

Sauƙi ne mu zagi sarkin Edom mu wuce. Amma mu sa kanmu a matsayinsa. Ƙidayar da aka yi ba da daɗewa ba bayan wannan, a sura 26, ta ba da maza 601,730, ban da mata da yara da dabbobi. Wane mai gona ne a Fulatan ko Yammedi zai ji an ce garke mai yawa haka zai bi ta gefen gonarsa, makiyayin ya rantse ko kara ɗaya ba za a taɓa ba, ya kwanta ya yi barci? Tsoron Edom ba hauka ba ne. Haka ma ɗan'uwan da yake tsoron ɓarayi, ko yake kishin suturar iyalinsa, ba maƙiyi ba ne don ya faɗi damuwarsa. Wanda bai saurari tsoron maƙwabcinsa ba, ba zai taɓa samun mabuɗi a hannunsa ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Akwai tsohon miki. Yakubu ya sayi matsayin ɗan fari a hannun Isuwa da kwanon fate (Farawa 25), ya kuma karɓe albarkar mahaifinsu da dabara (Farawa 27). Gaskiya ne bayan shekara ashirin sun sadu, suka rungumi juna, suka yi kuka (Farawa 33). Sai dai ku karanta surar har ƙarshe. Isuwa ya ce su tafi tare, Yakubu ya ba da uzurin yara da dabbobi, ya ce zai biyo shi Seyir a hankali. Da Isuwa ya juya, Yakubu ya nufi Sukkot. An yi kuka, an ba da kyauta, amma ba a bar wa 'ya'ya wata yarjejeniya ba. Jikokin suka gaji labarin cutar, ba su gaji rungumar ba.

Dattawan da suka taɓa zaman sulhu sun san wannan. Ka zauna maganar ƙofa, kafin a jima sai ka ji maganar saniyar da aka sayar lokacin jinyar Baba, ko kuɗin auren da aka yi wa ɗaya ba a yi wa ɗaya ba, ko baƙar maganar da matar wannan ta faɗa wa matar wancan a bakin rijiya. Kwaɗon ramuwa ce kawai. In aka cire shi ba a taɓa mikin ba, baɗi za a sa wani.

Duk da haka Edom ya yi laifi. An ba shi dukan tabbacin da ake iya bayarwa, bai kawo nasa sharaɗi ba, bai ce ku wuce ƙungiya ƙungiya ba, bai ce ga mutanena su raka ku ba. Runduna ya fito da ita.

Kewaye da tsadarsa

Isra'ila suna da mayaƙa. Ba da daɗewa ba suka ci Sihon da Og da yaƙi. Amma a nan suka juya. Maimaitawar Shari'a 2 ta gaya mana dalili: Ubangiji ne ya hana su tsokanar zuriyar Isuwa, gama shi ne ya ba Isuwa ƙasar Seyir, ba zai kuwa ba Isra'ila kome daga cikinta ba. Ya umarce su su sayi abinci da ruwa da kuɗinsu. Daga baya kuma, a sura 23, shari'a ta hana su ƙyamar mutumin Edom saboda 'yan'uwantaka. Wannan bayan an tare su da takobi ke nan.

Saboda haka mai bi ba shi da izinin ɗaukar guduma ya fasa kwaɗo, ko ya tara 'ya'yansa da dare su ture katanga, ko da gaskiyarsa ta kai hasken rana. Ban da zunubin, dokar ƙasa ma tana ɗaukar ɓarna da shiga wurin wani da ƙarfi a matsayin laifi. Mutum yakan tafi da gaskiyarsa ya kwana a ofishin 'yan sanda, kuɗin takin bana ya tafi wurin beli.

Amma kada mu rufe littafin a nan, mu ce darasin shi ne a yi haƙuri a kewaya. Ku karanta Ƙidaya 21:4-9. A kan wannan doguwar hanya ta kewaye Edom ne ran jama'a ya ƙare, suka yi gunaguni, macizai suka sassare su, mutane da yawa suka mutu. Laifin gunagunin nasu ne, amma hanyar da ta gajiyar da su Edom ne ya sa su a kanta. Sarkin yana zaune a fadarsa, bai ga gawa ko ɗaya ba.

Haka yake a ƙauye. Maza biyu ne suke gaba, amma ba su ne suke ɗaukar tulu ba. Matar na ciki ce za ta kewaya bayan gari da jarkar ruwa sau huɗu a rana. Yarinya ce za ta tsallake danga ta bi cikin dawa da asuba zuwa makaranta. Masarar da ya kamata amalanke ya kwashe a yini ɗaya za a yi mako ana jidarta a ka, ruwan ƙarshen damina ya same ta a gona. Mafi muni, mace tana naƙuda da dare, an samo mota ko babur, ƙyaure a kulle, mai mabuɗi ya tafi kasuwa ya kwana. A ganina ikkilisiyar da ta ce wa gwauruwa ta yi haƙuri ta kewaya, ba ta kuwa aika dattawa wurin wanda ya toshe mata hanya ba, ta goyi bayan Edom ne ko da ba ta sani ba. Karin Magana 15:25 da 23:10-11 sun nuna Allah da kansa ne mai tsaron iyakar gwauruwa da gonar marayu.

Gabar kuma ba ta tsaya a Kadesh ba. A zamanin Dawuda Isra'ila suka mallake Edom, Yowab ya yi wata shida yana karkashe mazajensu (1 Sarakuna 11:15-16). Da Babila ta ci Urushalima wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu, Edomawa suka rama. Annabi Obadiya ya zarge su da shiga ƙofar 'yan'uwansu a ranar masifa, da tsayawa a mararraba suna tare masu gudu. Waɗanda kakanninsu suka hana wucewa a ranar roƙo, su ne suka tare hanya a ranar gudun mutuwa.

Ƙofar da ke Urushalima

Kada mu ce wannan halin mutanen dā ne, ko na waɗanda ba su san Almasihu ba. 'Yan'uwanmu da suka je ziyara Urushalima sun shiga Majami'ar Kabari Mai Tsarki, inda Kirista da yawa suka gaskata nan aka gicciye Yesu aka binne shi. Ɗariku shida ne suke tarayya a ginin: Girkawa, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawan Masar, Habashawa da Suriyawa. Ƙofar shiga ɗaya ce. Mabuɗinta kuwa ba ya hannun ko ɗaya daga cikinsu. Gidaje biyu na Musulmi ne suke riƙe da amanar, gidan Juda suna ajiye mabuɗin, gidan Nusaiba suna buɗewa da rufewa, kuma bisa ga abin da aka gada, tun zamanin Salahuddin wanda ya karɓi birnin a 1187 ake wannan tsari. Saboda yawan faɗa, sarakunan Turkawa suka kafa doka a 1757, suka sabunta ta a 1852, cewa kowa ya tsaya inda yake, kada a motsa kome a wuraren tarayya sai da yardar kowa. Akwai wani ɗan tsanin katako a jingine ƙarƙashin taga, sama da ƙofar, ya fi shekara 150 a wurin.

A kan rufin ginin akwai 'yan ɗakuna inda masu zaman zuhudu na Habasha suke zaune, Kibɗawa kuwa suna cewa wurin nasu ne. Ana hawa can daga farfajiya ta cikin wasu ƙananan ɗakunan sujada biyu. A daren Ista na 1970, Kibɗawa suna cikin sujada, aka canja makullan waɗannan ƙofofi, mabuɗan suka koma hannun Habashawa. Kotun ƙolin Isra'ila ta goyi bayan Kibɗawa a 1971, amma ba a aiwatar da hukuncin ba. A 2002 wani tsoho Bakibɗe da yake zama a rufin ya ja kujerarsa zuwa inuwa saboda zafin rana. Aka ce ya ƙetare iyaka. Faɗa ya kaure, mutum 11 suka ji rauni. Masu addu'a dare da rana ke nan, a kan rufin kabarin Mai Ceto.

Wannan abin kunya ne, amma akwai abin koyo a ciki. Hukuncin kotu bai buɗe ƙofar rufin ba. Babbar ƙofa kuwa, wadda aka damƙa wa amintaccen da ba shi cikin rigimar, aka kuma san wa zai buɗe da lokacin buɗewa, kullum tana buɗuwa da asuba. Ɗakin kabarin kansa ya zauna ɗaure da ƙarafan da Turawan Ingila suka tokare shi da su tun 1947, sai da manyan ɗarikun uku suka sa hannu a yarjejeniya aka gyara shi a 2016 zuwa 2017.

To, mu fa?

Matiyu 18:15-17 ta ba mu matakai, mun kuwa san su. Matsalarmu ita ce mukan fara daga na ƙarshe. Kafin wa ya ji daga bakin ƙanensa, ya riga ya ji a kasuwa, ya ji a roƙon addu'a ranar Lahadi. Ka je kai kaɗai, da yamma bayan an ci tuwo, ba a bakin ƙofar da ake rigima a kanta ba. Ka fara kamar Musa: "Yaya, na san wurin nan rabonka ne, ban zo musu ba. Na zo ne in ji abin da yake damunka game da wucewarmu, in kuma gaya maka abin da zan iya yi." Idan matarka ce ta yi baƙar magana, ka faɗa da bakinka tun bai faɗa ba.

In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. A zaɓi waɗanda shi ma yake jin nauyinsu, kawu ko gwaggo da suka ga rabon gadon, ba abokanka ba. Kada a manta da tsofaffin mata. Sau da yawa su ne suka san inda tsohuwar danga ta tsaya, da bishiyar da aka shuka shaida. Idan dukanku masu bi ne, sai maganar ta zo gaban fasto da dattawa. Bulus ya tsawata wa Korantiyawa a kan kai juna ƙara alhali akwai masu hikima a cikinsu (1 Korantiyawa 6:1-8). Amma dattawa su je su ga wurin da idonsu, su bi kewayen da ƙafarsu, in da hali da tulu a ka. Kada kuma a dubi wanda ya fi ba da baiko ko wanda ya sayi kwanon rufin majami'a.

Idan maƙwabcin Musulmi ne, ko ɗan'uwan da ya musulunta, kada a mai da ita maganar addini, gama ba ita ba ce, kuma wutar da za ta tashi ta fi ƙarfin gida biyu. A nemi limaminsu ko dattijon da yake girmamawa ya zauna tare da namu. Su ma suna da koyarwa mai ƙarfi a kan haƙƙin maƙwabci, malamansu kuma sun san hukuncin cewa idan an yi saɓani a kan faɗin hanya a bar kamu bakwai, wato wajen mita uku, abin da zai ishi dabba da kayanta. Idan sutura ce damuwarsa, sau da yawa zana biyar ko 'yar katanga da za ta raba lungu da tsakar gida ta kashe maganar. Na ciki ya kawo rabin kuɗin, ko ya yi aikin da hannunsa.

Daga nan sai mai unguwa, sai dagaci, sai hakimi. Masarautar Karaye, wadda aka kafa a 2019 aka kuma sake mata fasali a 2024, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, kuma sasanta irin wannan magana aikin masu sarauta ne na yau da kullum. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen karkara a ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukuma, don haka akwai ma'aikatan filaye a sakatariya da za a iya gayyata su auna. Kotu ita ce ta ƙarshe. Ban ce zuwa kotu zunubi ne ga wanda aka kulle a gidansa kuma kowane mataki ya gagara ba, Bulus kansa ya ɗaukaka ƙara zuwa Kaisar. Amma a lissafta kuɗin mota da na lauya da ranakun noman da za a rasa, a kuma tuna gobe da wa za a ɗauki gawa.

Ko a wane mataki aka shirya, a rubuta. A nan ne muka fi sakaci. Mukan ga kamar neman takarda tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, sai a sha hannu, a yi addu'a, a watse. Yakubu da Isuwa ma sun rungumi juna. Ibrahim kuwa da ya sayi kogon Makfela, a ƙofar gari ya auna azurfar a gaban shaidu, aka ambaci filin da kogon har da itatuwan da ke ciki (Farawa 23). Irmiya ya sayi gona a hannun ɗan baffansa, ɗan'uwa na jini, duk da haka ya rubuta, ya sa shaidu, ya sa aka ajiye takardun cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe (Irmiya 32:9-14).

Takardar ba ta bukatar Turanci. A rubuta da Hausa: wurin na wane ne, su wa suke da haƙƙin wucewa, faɗin hanyar kamu nawa, ko amalanke da dabbobi za su bi, ƙarfe nawa za a kulle da dare, wa zai gyara ƙyaure in ya lalace, ta ina ruwan sama zai fita. A yanka mabuɗi uku, ɗaya ga kowane gida, na ukun a hannun amintaccen da yake kwana kusa. A rubuta a fili cewa rashin lafiya, naƙuda da gobara ba su da lokacin kulle. A rubuta kuma cewa in aka sayar da ɗaya daga cikin wuraren, haƙƙin hanyar yana nan, za a kuwa karanta wa mai saye takardar kafin ya biya. Matan gidajen biyu da manyan 'ya'yansu su kasance a wurin su dangwala hannu. Kowane gida ya riƙe kwafi, ɗaya a wurin mai unguwa, ɗaya a akwatin ikkilisiya. A gona kuwa a shuka gamba ko aguwa a gefen hanyar, domin garma takan ci taki ɗaya kowace shekara ba wanda ya lura.

Akwai wata tambaya da ba za mu so ba. Mu da muke kuka an toshe mana lungu, burtalin da ya bi ta gefen gonakinmu fa, faɗinsa nawa ne a zamanin iyayenmu, nawa ne yau? Makiyayin da ya iso da garkensa ya tarar an shuka masara a hanyarsa ta zuwa mashaya, a Kadesh yake tsaye, mu ne kuma a kan iyaka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Cikin sharuɗan da Musa ya yanka wa kansa, wanne ne zai fi wuya a gare mu?

2. Da kai ne mashawarcin sarkin Edom, wace amsa za ka ba shi wadda za ta tsare ƙasarsa ba tare da ta mai da ɗan'uwansa jeji ba?

3. A rigimar hanya da kuka taɓa gani (kada a ambaci suna), su wane ne suka fi shan wahala? An tambaye su ra'ayinsu a wurin sulhu?

4. Majami'armu da filinta, ta ina ake shigarsu? Hanyar tamu ce, ko alherin wani maƙwabci ne? Akwai takarda?

Aikin wannan wata

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ruwan farko ya sauka a fara shuka, kowace ƙungiya ta zaɓi mutum uku, aƙalla ɗaya mace, su zaga gidajen 'yan ikkilisiya da gonakinsu, su rubuta duk inda gida biyu suke shiga ta ƙofa ɗaya, ko gona take bayan gona. A fara da gidajen gwauraye mata, da inda tsohon gida yake da rai har yanzu, domin ya faɗa da bakinsa a gaban 'ya'yansa inda hanya ta bi. A kawo jerin wurin dattawa a taronsu na wata mai zuwa.